Gina gidaje a gangaren tsauni: abin da ke sa ƙasa ta zaftare, da dalilin taƙaddama kan ba da izini

Duk lokacin da ƙasa ta zaftare ta binne gidaje, ko wata hukuma ta dakatar da izinin gini a gangaren tsauni, tambayar da ke yawo a bakin mutane ɗaya ce: tsaunin da ya shekara dubbai a tsaye, gida ɗaya ko goma ne za su kayar da shi? Mai fili yana ganin an tauye masa haƙƙi. Wanda ke zaune ƙasa da shi yana ganin an ɗora masa haɗari a ka. Injiniyan wannan ya ce wurin lafiya lau, na wancan ya ce kada a kuskura.

Ruɗanin yana da asali. Idan ana maganar ƙarfin gida, hankalin mutane kan tafi ga yawan rodi, kyan siminti da zurfin fandisho. A shimfiɗaɗɗen fili wannan lissafin ya kusa wadatarwa. A gangara kuwa akwai tambayar da ta riga shi: ƙasar da za a ɗora gidan a kanta, ita kanta za ta zauna inda take? In ta tashi tafiya, gidan da aka ninka masa rodi zai bi ta ne a dunƙule.

Wani bincike da masana biyu na Jami'ar Sheffield ta Ingila suka wallafa a 2018 ya ƙirga mutum kusan 56,000 da zaftarewar ƙasa ta kashe tsakanin 2004 da 2016, ban da waɗanda girgizar ƙasa ta jawo. Mafi yawansu lokacin ruwan sama mai yawa abin ya riske su.

## Zaizaya, nutsewa da zaftarewa

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Zaizaya ita ce ruwa mai gudu ya riƙa kwasar saman ƙasa kaɗan-kaɗan har ya haƙa kwari. Nutsewa ita ce ƙasar da ke ƙarƙashin gini ta matse saboda nauyi, ginin ya sauka. Zaftarewa kuwa babban ɓangare ne na ƙasa ko dutse ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa, ya sulale ƙasa gaba ɗaya. Maganin kowanne daban ne, ko da yake zaizaya a gindin gangara takan zama mafarin zaftarewa.

Ita ma zaftarewar iri-iri ce. Akwai mara zurfi, wadda ke ɗaye mita ɗaya zuwa biyu na saman ƙasa bayan mamakon ruwa. Akwai mai zurfi, wadda layin tsinkewarta ke iya kai mita goma ko hamsin a ƙarƙashi, tana ɗauke da gidaje da tituna a bayanta, wani lokaci tana matsawa 'yan santimita kawai a shekara. Akwai faɗowar duwatsu daga sama. Sai wadda ta fi kisa, wato kwararar laka: ruwa, ƙasa, duwatsu da itatuwa su haɗe su biyo kwari da gudun da mutum ba zai tsere masa ba. Gidan da kwararar laka ke rusawa sau da yawa ba a kan gangaren yake ba, yana can ƙasa a bakin kwarin, inda mai shi ke ganin ya gina a wuri mai kyau.

Injiniyoyi suna auna zaman gangara da lamba ɗaya da ake kira ma'aunin aminci. Ana ɗaukar ƙarfin da ke riƙe ƙasar a raba shi da ƙarfin da ke jan ta ƙasa. In an sami 1, gangaren yana bakin faɗuwa. Ƙasa da 1, ya riga ya fara tafiya. Don gina gidaje, dokokin ƙasashe da dama suna neman 1.5. A nan gizo ke saƙar: gangare da yawa da Allah Ya halitta suna zaune ne a kan 1.1 ko 1.2, kuma sun shekara ɗaruruwa a haka. Daɗewarsu a tsaye ba ta nuna cewa suna da rarar ƙarfin da za a taɓa.

## Ruwa ne ummul haba'isi

Abin da ke riƙe ƙasa a gangara abu biyu ne: gogayyar ƙwayoyin ƙasa da junansu, da kuma danƙo irin na yumɓu. Busasshen yashi yana iya tsayawa a karkace har zuwa digiri 30 ko 35, bayan nan sai ya zube. Gogayyar nan tana dogara ne ga yadda nauyin da ke sama ke danne ƙwayoyin a kan juna.

Karl Terzaghi, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin injiniyancin ƙasa, shi ya fayyace a shekarun 1920 abin da ruwa ke yi a nan. Idan ruwa ya cika 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, yakan ɗauki wani kaso na nauyin da ke sama. Ƙwayoyin sai su sassauta riƙon juna. Nauyin da ke jan gangaren ƙasa yana nan, har ya ƙaru, amma riƙon ya ragu.

Lissafin yana da sauƙin bi. A ɗauki ƙasa mai yashi-yashi wadda iyakar tsayuwarta digiri 35 ne, tana kwance a gangare mai digiri 25. A bushe, ma'aunin amincinta 1.5 ne, daidai abin da doka ke so. Idan ruwa ya cika ta har sama yana kuma gangarawa a cikinta, ma'aunin yakan ragu da kusan rabi, ya koma wajen 0.75. Ba a canza tsayin gangaren ba, ba a ɗora masa ko bulo ɗaya ba, amma ya tashi daga mai aminci zuwa wanda ba zai iya tsayawa ba.

Shi ya sa ruwan kwana ɗaya bai cika zama shi kaɗai ba. Zaftarewa mara zurfi takan biyo mamakon sa'o'i kaɗan a kan ƙasar da ta riga ta sha. Mai zurfi kuwa tana iya jira makonni ko watanni bayan an ɗauke ruwa, sai ruwan ya gama ratsawa ya isa layin tsinkewar.

Abin da masu gini ba su cika lura da shi ba shi ne gidaje su kansu suna shayar da gangara. Rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 150, in aka yi ruwan milimita 50, zai tara lita 7,500, kuma indararo zai zubar da shi duka a wuri guda. Ga sokawe da ramin masai da ke tsiyaya cikin ƙasa dare da rana, ga bututun ruwa da ya fashe ba a sani ba, ga ban-ruwan lambu, ga lambatun titi da aka karkatar zuwa bakin gangara. Unguwa mai gida ɗari tana iya ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa sama da inda ya taɓa kaiwa. A Malesiya, lokacin da wani bene mai hawa 12 na rukunin Highland Towers ya kife ranar 11 ga Disamba 1993 ya kashe mutum 48, bincike ya koma ne kan ruwan da aka karkato daga ayyukan gini a saman tsaunin da magudanan da suka kasa ɗaukarsa.

## Abin da ido ba ya gani a ƙarƙashi

Gangare biyu na iya zama iri ɗaya a ido, ɗaya lafiyayye, ɗaya tarko. Bambancin yana cikin yadda duwatsun ke kwance.

Duwatsu da yawa shimfiɗa-shimfiɗa suke, kamar littattafan da aka jera kan juna. Idan shimfiɗun sun karkata zuwa cikin tsaunin, suna tokare juna. Idan sun karkata waje, suna bin gangaren, to duk wanda ya yanke gindinsu don yin titi ko filin gida ya cire abin da ke tare na sama. Tsaguwar da ke cikin dutse mai tauri ma haka take aiki.

Sai siririn layin yumɓu. Kaurinsa na iya zama santimita kaɗan, yana can mita ashirin a ƙasa, amma shi ne zai yanke hukunci. A Portuguese Bend da ke Kalifoniya, tokar aman wuta ta zamanin da ta rikiɗe ta zama wani yumɓu mai kumbura da santsi idan ya jiƙe. Wurin tsohuwar zaftarewa ce da ta daɗe a kwance. A 1956, ana cikin aikin titi bayan an gina gidaje masu zubar da ruwansu cikin ƙasa, sai ta farka, ta lalata gidaje fiye da ɗari, kuma ba ta sake tsayawa cak ba. Bayan damunar 2023 da ta 2024 masu yawan ruwa, wasu sassan yankin sun riƙa matsawa kusan santimita 30 a mako, har aka yanke wa gidaje gas da lantarki saboda bututu da turaku suna karyewa.

Darasin wurin ya shafi ko'ina: inda ƙasa ta taɓa zaftarewa, layin da ta bi ya riga ya goge, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, kuma ba ya komawa yadda yake. Abin takaicin shi ne tsohuwar zaftarewa takan bar dandali-dandali masu ɗan faɗi a jikin tsauni, waɗanda su ne suka fi jan idon mai neman wurin gini.

Akwai kuma ƙasar da ba ta buƙatar tsananin gangara. A Norwe da Kanada akwai yumɓun da ya kwanta a ƙarƙashin teku tun zamanin ƙanƙara, daga baya ruwan daɗi ya wanke gishirin da ke riƙe shi. In an taɓa shi sai ya narke ya zama kamar ruwa. Ranar 30 ga Disamba 2020 irin wannan yumɓun ya tafi da wani ɓangare na unguwa a Gjerdrum ta Norwe, mutum 10 suka mutu, kuma kwamitin bincike ya gano cewa wani ƙaramin rafi ne ya yi shekaru yana cin gindin gangaren.

A ƙasashe masu zafi da yawan ruwa matsalar wata iri ce. Dutse yakan ruɓe a inda yake har zurfin mita goma ko fiye, ya zama ƙasa mai kama da ƙarfi idan an yanka ta a bushe. Tana iya tsayawa a miƙe shekara biyar, mai gida ya sakankance, sannan damuna ɗaya ta sauke ta, galibi a kan iyakar da ke tsakanin ruɓaɓɓen dutsen da lafiyayyen.

## Yanka da ciko

Ba a ɗora gida a karkace, don haka mai gini yakan sa katafila ta yanki tsaunin ta baya, ta turo ƙasar gaba ta cike, a sami dandali. Ayyukan biyu duka suna rage ma'aunin aminci. Yankan yana cire gindin gangaren da ke sama. Cikon yana ƙara nauyi a kan gangaren da ke ƙasa. Gidan kuma sai ya zamana rabinsa a kan ƙasa mai tauri, rabi a kan ciko mai sauka, abin da ke kawo tsagewar da ke raba gida biyu.

Cikon da aka yi bisa ƙa'ida yana da matakai. Ana kwashe ciyawa, saiwoyi da baƙar ƙasar sama tukuna, domin in aka bar su za su ruɓe su zama layin santsi. Ana haƙa rami mai faɗi a gindin inda cikon zai tsaya, har a taras da ƙasa mai tauri, don ya zama makulli. Ana sassaƙa gangaren ya zama matakala, kowace shimfiɗa ta zauna a kan miƙaƙƙen wuri. Inda akwai idon ruwa ko danshi, ana shimfiɗa bututu mai huji a cikin tsakuwa kafin a rufe. Sannan a riƙa zuba ƙasa kaurin santimita 20 zuwa 30, a yayyafa ruwa daidai kima, a daɓe da rola, a gwada a tabbatar ta kai aƙalla kashi 90 cikin ɗari na iyakar matsewarta kafin a ƙara wata. Fuskar cikon kada ta wuce mita ɗaya na tsayi a kowane mita biyu na faɗi, wato kimanin digiri 27.

Abin da aka fi yi a inda babu sa ido shi ne a tura ƙasa daga sama ta gangaro da kanta, a bar ta. Irin wannan cikon sakwa-sakwa ne, kuma idan ya ƙoshi da ruwa ba ya zamewa a hankali, rushewa yake yi ya kwarara. Haka ya faru a Sau Mau Ping na Hong Kong ranar 18 ga Yuni 1972, inda cikon gefen titi ya binne matsugunin jama'a ya kashe mutum 71. A ranar ce kuma gangaren da aka yanka don gini a titin Po Shan ya sauko ya kayar da bene mai hawa 12, mutum 67 suka rasu. A Atami ta Japan, a Yulin 2021, tulin ƙasar da aka jibge a kan kwari fiye da tsayin da aka amince shi ya kwararo cikin gari ya kashe mutum fiye da 25.

Katangar tokare ƙasa ita ce inda aka fi yaudarar kai. Matsin da ƙasa ke yi wa katanga ba ya ƙaruwa daidai da tsayi: in an ninka tsayin sau biyu, matsin yakan ninka sau huɗu. Ruwa kaɗai, in ya taru a bayan katanga mai tsayin mita 3, yana tura kowane mita na tsawonta da ƙarfin da ya kai tan 4.5, kuma wannan ƙari ne a kan na ƙasar. Don haka katangar kirki tana da faffaɗan gindi na kankare da rodi, tsakuwa a bayanta, ƙyallen tace ƙasa tsakanin tsakuwar da ƙasar, bututu mai huji a gindi, da ramukan fitar ruwa masu faɗin santimita 7 zuwa 10 a kowane mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Katangar bulo da aka yi wa filasta aka toshe ko'ina don ta yi kyau, madatsar ruwa ce aka gina a saman gidan maƙwabci. Kuma ko katangar da aka gina daidai, ƙasar da ke bayanta kawai take riƙewa. Idan layin tsinkewa ya bi ta ƙarƙashin gindinta, da ita za a tafi.

Sare itatuwa yana da nasa kason, amma a san iyakarsa. Saiwoyi suna ɗinke mita ɗaya ko biyu na sama, suna kuma shanye ruwa, don haka suna hana zaftarewa mara zurfi. Bayan an sare, saiwoyin kan ɗauki shekaru suna ruɓewa, shi ya sa ɓarnar kan zo a makare, lokacin da an manta da saran. Zaftarewa mai zurfi kuwa ta wuce inda saiwa ke kaiwa.

## Binciken da ya kamata a yi kafin a haƙa fandisho

Aikin yana farawa ne da takardu: taswirar duwatsun yankin, tsofaffin hotunan sama, da tarihin inda ƙasa ta taɓa motsi. Yanzu akwai na'urar hasken leza da ake ɗorawa a jirgi wadda ke nuna surar ƙasa ko da itatuwa sun rufe ta, da tauraron ɗan'adam mai gano motsin 'yan milimita a shekara. Bayan nan masanin duwatsu ya taka gangaren da ƙafa tun daga ƙololuwa har gindi, ba filin da aka saya kaɗai ba.

Sai haƙa. Ramukan gwaji na mita 2 zuwa 4 suna nuna saman ƙasa. Rijiyoyin gwaji kuwa dole su zarce duk inda ake zaton layin tsinkewa, su shiga lafiyayyen dutse. A cikinsu ake yin gwajin da aka saba: a saki guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa ake yi kafin bututun ya nutse santimita 30. Ana kai samfur ɗakin gwaji a auna ƙarfinsa. Ana kuma barin na'urori biyu a cikin rijiyoyin, ɗaya tana auna matsin ruwa, ɗaya tana nuna ko ƙasa tana karkata, da zurfin da take yi.

Inda rahotanni suka fi yin rauni wuri uku ne. Ana auna ruwa da rani, alhali lambar da ake buƙata ita ce ta ƙarshen damuna mafi tsanani. Ana tsayar da haƙa da zarar an ci karo da dutse, alhali wataƙila ƙaton dutse ne da ya gangaro tuntuni yake zaune cikin ƙasa mai motsi. Ana kuma tsayar da bincike a kan iyakar fili, alhali ƙasa ba ta san iyakar da safiyo ya shata ba. Gwajin da ke cewa ƙasa za ta iya ɗaukar nauyin gida daban ne da wanda ke cewa gangaren zai tsaya, kuma masu saye da yawa ana nuna musu na farko ne su ɗauka na biyu ne.

## Masu cewa a gina, da masu cewa a bari

Masu goyon bayan gini suna da hujja mai ƙarfi. Birane suna cika, shimfiɗaɗɗen fili yana ƙarewa ko kuma na noma ne ko mai ambaliya, kuma an ga inda tsari ya yi aiki. Los Angeles ta kafa dokar yanka da ciko a 1952 bayan ɓarnar ruwan shekarar, ta ƙara tsaurara ta a 1963, kuma da aka yi mamakon 1969 filayen da aka gyara a ƙarƙashin sabuwar dokar sun tsira fiye da tsofaffin nesa ba kusa ba. Hong Kong ta kafa ofishin kula da gangare a 1977. Yau tana da rajistar gangare kusan 60,000 da ɗan'adam ya yanka ko ya cike, kowanne da lambarsa da wanda alhakin kula da shi ke wuyansa, kuma mace-mace sun ragu ƙwarai duk da cewa ba a daina gini a jikin tsaunuka ba. Kayan aikin ma akwai su: turakun kankare da ake kafawa har cikin dutse, dogayen rodi da ake cusawa cikin gangara a ɗaure da siminti, da bututun da ake hudawa a kwance don zuƙe ruwa.

Masu adawa ba su musanta wannan ba. Abin da suke cewa shi ne duk waɗannan suna buƙatar kulawa har abada. Magudana tana toshewa, rodi yana tsatsa, kamfanin da ya gina ya sayar ya tafi, kuma ruwan sama mai tsanani yana ƙaruwa a wurare da dama fiye da wanda aka yi lissafi da shi. Suna kuma nuna cewa akwai girman da injiniyanci ba ya iya tarewa. Ƙa'idar gini da ake bi a yawancin Amurka tana cewa a ja da fandisho baya daga bakin gangara da kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa, iyaka mita 12, a kuma nisanci gindin gangaren da ke sama da rabin tsayinsa, iyaka mita 4.5. Wannan yana maganin ƙananan zubewa. Amma a Oso ta jihar Washinton, ranar 22 ga Maris 2014, gangaren da ya sha zaftarewa a baya, har a 2006, ya sauko ya tsallake kogi ya yi tafiyar kusan kilomita ɗaya, ya kashe mutum 43.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika jin muryarsa a wannan muhawara ba, wato talakawan da ba zaɓar tsauni suka yi don kallon gari ba. A Freetown ta Saliyo, zaftarewar 14 ga Agusta 2017 ta kashe ko ta ɓatar da mutum fiye da 1,000, da yawansu a gidajen da ke bin kwarin da lakar ta biyo. A Petropolis ta Burazil, a Fabrairun 2022, fiye da 230 suka mutu. A irin waɗannan wurare haramta gini a takarda ba ya hana gini, yana dai mayar da shi wanda babu magudana, babu sa ido. Wanda aka tasa ba tare da an ba shi wani wuri kusa da abin neman abincinsa ba, yakan dawo.

Tsarin da ya fi kusa da haɗa hujjojin uku shi ne rarraba wurare bisa girman haɗari. Japan ta yi dokar haka a 2000, bayan zaftarewar ƙasa da kwararar laka da suka kashe mutane a Hiroshima a 1999. Tana shata gangare masu digiri 30 zuwa sama da tsayin mita 5 zuwa sama, da bakunan kwari. A yankin da aka yi wa launin rawaya, dole a tanadi gargaɗi da hanyar ficewa, a kuma sanar da mai saye. A yankin da aka yi wa launin ja kuwa, sai da izini na musamman da gini mai jure bugun laka, kuma hukuma na iya taimaka wa mazauna su ƙaura. Raunin tsarin shi ne shata taswirar yana cin shekaru, kuma masu filaye sukan yi turjiya domin launin ja yana karya darajar fili.

## Yadda abin ke shafar mai saye, mazauni da maƙwabci

Ga mai saye, arhar filin gangara kan ƙare a cikin ƙasa. Bincike, katangu, magudanai da turakun fandisho suna iya cin kaso mai tsoka na kuɗin ginin kafin a ɗora bulon farko, kuma su ne abin da ake fara yankewa idan kuɗi ya yi kaɗan, tunda ba a ganinsu. Inshora ma ba lallai ta tsaya masa ba: a Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar motsin ƙasa, kuma in gida ya zame, bashin banki yana nan a kan filin da ba zai sake ginuwa ba. Kafin a biya, abin tambaya shi ne rahoton zaman gangaren gaba ɗaya, wane wata aka auna ruwa, ina ciko ya fara ya ƙare, ina takardun gwajin daɓe, ina ruwan rufi da na masai za su fita, kuma wa ke da alhakin katanga da magudanar da ke tsakanin filaye.

Maƙwabta su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin abin da wani ya yi a filinsa yana sauka a nasu. Wanda ya yanki gindin gangara yana cire ƙafar gidan da ke sama. Wanda ya saki ruwansa a baki yana jiƙa na ƙasa. Shari'ar irin wannan takan ja shekaru saboda wuyar tabbatar da ruwan wa ya jawo, shi ya sa ɗaukar hotunan katangu da bango masu kwanan wata kafin maƙwabci ya fara haƙa yake da amfani.

Ƙasa mai shirin tafiya takan nuna alama. Ƙofa da taga su fara cijewa. Tsagewa ta fito a karkace daga kusurwar taga, faɗinta ya fi yawa a sama. Matakala ko baranda ta fara rabuwa da jikin gida. Katanga ta yi ciki ko ta sunkuya, turakun lantarki da shinge su karkata, itatuwa su tanƙware a gindi. Bututun ruwa ya riƙa fashewa a wuri ɗaya. A saman gangara a ga doguwar tsaga mai lanƙwasa a ƙasa, a gindinsa kuma ƙasa ta kumbura ko ruwa ya fara tsattsafowa inda da babu. Ana iya bin diddigin tsaga da alama biyu ta fenti a gefe da gefe, a riƙa aunawa da rula kowane mako ana rubutawa, a kuma rufe tsagar ƙasa da leda don kada ruwa ya shiga. Idan faɗin da ake samu a wata ya koma ana samunsa a mako, ko na mako ya koma na kwana, lokacin gyara ya wuce, na fita ne.

Lokacin mamakon ruwa kuwa, rafin da ya rikiɗe ya zama laka farat ɗaya, ko ya ƙafe alhali ana tsuga ruwa, ko ƙarar karyewar itatuwa da rugugi daga sama, duk suna nufin a bar wurin nan take. Ana gudu ne zuwa gefe, a fita daga layin kwarin a hau wuri mai tudu, domin laka ta fi mutum gudu a gangare. Wanda fita ta gagare shi ya hau bene, ya koma ɗakin da ya fi nisa da tsaunin.